Shekarar da Muka Turara Gurya

Ran nan ina wucewa ta bayan ajinku na ji ɗayarku tana cewa kaɗi aikin tsofaffi ne, wai mace ta sami inuwa ta zauna tana murza tsinke har gyangyaɗi ya ɗauke ta. Kuka kwashe da dariya. Ban leƙo na tsawata ba, domin daga nesa haka abin yake. Mazari yana rawa a ƙasa, zare yana saukowa daga farar auduga siriri kamar yayyafi, mai kaɗin kuma ta yi shiru kamar tana sauraron wani abu a bayan gari. Ni ba tsohuwa ba ce, ban girmi manyanku da yawa ba, amma hannuna ya daɗe a wannan aiki. Da shi aka ciyar da ni, da shi aka saya mini zanen da na tafi makaranta da shi. Ku ba ni hankalinku in gaya muku yadda ake yinsa, in kuma gaya muku labarin shekarar da muka fi samun auduga, wadda har yau matan tungarmu ba sa ɗaga kai idan an ambace ta.

Aikin da aka fara ba ni shi ne tsinta. Gwaggo Dije, yayar mahaifina, ita ta riƙe ni tun ina ƙarama a tungarmu, wadda ke gefen Kontagora ta hanyar Salka. Takan zube mini auduga a faifai ta ce in fitar da busasshen ganye da ɓawo da duk wadda tsutsa ta ɓata. Na daɗe a kan wannan ban taɓa mazari ba. Idan na kai mata faifan ina murna, sai ta ɗaga audugar ta duba ta a hasken rana, ta zaro ɗan ganyen da bai fi ƙwayar gero ba, ta ɗora mini a tafin hannu, ta ci gaba da aikinta. Wannan ɗan ganyen, in ya shiga zare, a nan zaren zai tsinke a hannun masaƙi, kuma sunanki zai kira, ba na ganyen ba.

Daga nan sai gurza, wato raba auduga da guryarta. Kayan aikin biyu ne kawai: dutse mai faɗi da santsi, da ɗan sandan ƙarfe. Dutsen Gwaggo baƙi ne, tsakiyarsa ta ɗan lotsa saboda hannun matan da suka riga mu. Za ki jera auduga kaɗan a kai, ki ɗora ƙarfen, ki tura shi da tafukan hannu biyu, gurya ta riƙa fita a gabansa tana tsalle kamar awakin da ake korawa. In kin danna da yawa kin fasa gurya, manta ya ɓata audugar da rawaya, ba sabulun da zai fitar. In kin sassauta, ƙarfen ya yi ta yawo a banza. Kafin hannu ya gano tsakanin nan, sai fatar tafi ta saɓule ta sake tofowa.

A wurin gurza aka koya mini rabon ƙasa. Duk guryar da ta shigo hannunki, ko taki ce ko ta wani, kafin ki yi komai da ita sai ki ɗebi 'yar kaɗan da yatsu uku ki watsa a gindin danga, ki ce, "Ƙasa, ga naki." Na tambayi Gwaggo dalili, ta ce ita ma haka ta tarar. Matan Hausawa suna yi, matan Kambari suna yi, liman ya ce babu shi a littafi, matarsa kuma tana yi. Shi ya sa za ku gane gidan mai kaɗi tun daga waje, domin da damina gindin dangarta cike yake da 'yan itatuwan auduga da ba wanda ya shuka da niyya. Bayan 'yan shekaru baki ma yakan daina faɗar maganar, hannu ya yi abinsa shi kaɗai, kamar yadda mutum ke gyara ɗankwali bai san ya gyara ba.

Shiɓa ita ce na fi so. Ana ɗaukar ɗan baka mai tsarkiya a cusa cikin audugar da aka gurje, a riƙa kaɗa tsarkiyar da yatsa, tana kuka a hankali, audugar tana tashi tana kumbura har ta zama kamar girgijen da ya sauko ɗaki ya huta. Tana shiga hanci, tana sauka a gira. Gwaggo takan dube ni ta ce, "Oh, 'yar boko ta yi furfura ba ta yi aure ba." Sai bayan wannan duka ake zuwa ga mazarin da kuke gani. Tsinke ne da dunƙulen yumɓu a gindinsa don ya ba shi nauyi, da ɗan guntun kasko da yake juyawa a kai, da alli na ƙashin saniya da muke ƙonawa mu daka mu cura, ana shafawa a yatsu don kada su yi santsi. Hannun dama yana murzawa, na hagu yana ja sama, kuma ba su taɓa yin shawara da juna ba sai sun shekara tare. Abawa, zare mai kauri, ita ake fara koya. Siririn zaren tsaye kuwa, wanda masaƙi ke ɗaure wa saƙarsa, akwai matan da suka tsufa ba su iya ba. Zarena na farko, Gwaggo ta ɗaga shi ta ce a kai wa mahauta su haɗa da hanjin da suke sayarwa.

Babban mai sayen zarenmu Ndagi ne, wani masaƙi Banufe da ke zaune cikin gari. Ranar kasuwa yakan zo ya tsuguna a ƙofar gida, a miƙo masa zare. Ba ya dubawa da ido. Yakan ja shi kusa da kunne ya kaɗa shi da farce ya ji kukansa.

"Dije, wannan ba naki ba ne," in ji shi. "Wannan mai kaɗin tana tunanin saurayi. Ji nan, ya yi siriri, nan ya tuna da ita. Ji nan kuma, ya yi kauri, nan ya manta."

Gwaggo ta ce daga cikin gida, "In ba ka so ajiye, Banufe. Ka koma kogi ka saƙa taru."

"Wa ya ce ba na so? Ina dai faɗa ne don yarinya ta ji."

Haka suke tun kafin a haife ni, kuma bai taɓa tafiya hannu wofi ba.

Auduga iri biyu ce a wurinmu a lokacin. Akwai ta gida, mai ganye tsage-tsage kamar yatsun hannu, gashinta gajere amma da ƙarfi. Akwai kuma ta gwamna, mai faffaɗan ganye da dogon gashi mai laushi. Ita wannan ba a sayen irinta, kyauta ake kawo shi a buhu kafin damina ta kankama, amma kyautar da ba a isa a ƙi ba ce. Malamin gona yakan zo da igiya ya auna wa kowane magidanci filin da zai shuka ta, kuma idonsa bai taɓa sauka a kan tsakuwa ba, sai a kan jar ƙasa mai kyau inda dawa ke yin kai kamar tulu. Lokacin nomanta shi ne lokacin noman dawa. In an tsince ta kuma, ba a sayarwa sai a fuloti, wurin awon auduga na gwamnati, inda fuskar sikeli ke kallon mai saye, manomi yana kallon bayansa.

An daɗe ana gunaguni a kan wannan, amma gunagunin bai zama magana ba sai shekarar da ta biyo bayan fara. Farar ta sauka da kaka ta bar karan dawa tsirara, aka shiga rani da rumbuna rabi. Kowa ya san in damina mai zuwa ba ta cika rumbu ba, akwai gidajen da za su watse. A nan Baba Gado ya fito. Bakambare ne, dogo, mai ƙaramar murya, gonarsa tana iyaka da tamu, matarsa Lami kuma tana kaɗi tare da Gwaggo. Ba mai unguwa ba ne, ba malami ba ne, sai dai in ya yi magana a gindin tsamiyar kasuwa, mai yankan farce ma yakan dakata. Ya fara tara manoman tungayen da ke kewaye bayan an tashi kasuwa, Kambari da Hausawa da 'yan Dukawa kaɗan. Ni lokacin na dawo daga makarantar 'yan mata, na koma kan mazarina, kuma nakan ji su idan na kai zare.

Abin da suke nema bai yi mini kama da tawaye ba. Suna so manomi ya zaɓi filin da zai ba auduga da kansa. Suna so a juyo da sikeli. Suna so a bar mutum guda daga cikinsu, wanda su suka zaɓa, ya zauna a wurin dagaci duk ranar da za a yi maganar gona. Na tuna Baba Gado yana cewa, "Zamanin hari, ubana ya ga ƙurar dawakai ya bar garmarsa ya hau dutse, ya noma ɗan abin da zai ci a tsakanin duwatsu. Aka ce mana hari ya ƙare, ku sauko. Muka sauko. To yanzu ina zan gudu? Dutsen ma an kai masa igiya."

Suka je wurin dagaci, ya ce abin ya fi ƙarfinsa. Suka sa rigunan sallah suka shiga Kontagora wurin hakimi, suka yini a rana a ƙofar gida, da la'asar wani bafade ya fito ya ce an ji, Allah ya ba da damina mai albarka. Ba a jima ba buhunan gurya suka iso a kan jakai, igiya kuma ta fi ta bara tsawo.

Wata safiya Baba Gado ya yi sallama a ƙofarmu, ya ce da Gwaggo yake son magana. Ta tsaya daga bayan danga, ni ina gefe ina shiɓa.

"Dije, ke kin san gurya ciki da waje. Yaya za a kashe ta ba a ga alama ba?"

Ya bayyana mata shawarar da suka yanke. Za su karɓi iri, su shuka a gaban malamin gona yadda ake so, amma irin da ba zai tsiro ba. In filaye suka tashi fayau, za a ce irin ya lalace a sito ko ƙasar ta ƙi, lokacin sake shuka kuma ya ƙure. Kowane gida ya riga ya yafa maiwa a ɗan lungu a bayan gida. Da zarar malamin ya juya baya, sai a cire ta a dasa a filayen audugar. Wannan maiwar ita ce za ta raba su da yunwa.

"Mun ce mu soya," in ji shi.

Gwaggo ta yi tsaki. "Maza ke nan. Ka soya, gashin jikinta ya ƙone, ta yi ja, makaho ma ya gane da hanci. Ka dafa, ta kumbura ta tsage. Turarawa ake yi, kamar dambu. Tururi ya kashe cikin, ya bar rigar."

"To ku za ku yi mana. Amma Dije, kada ƙwaya ɗaya ta tsira."

"Ka taɓa jin na bar aiki rabi?"

Aikin turara gurya na yi shi sau ɗaya a rayuwata, kuma zan iya koya muku shi yau. Madambaci ɗaya ba zai ɗauke ta ba, don haka aka raba buhunan gida-gida, duk inda akwai mai kaɗi, da rana tsaka, kowa tana cewa dambu take yi. Ana shimfiɗa tsumma a cikin madambaci don kada gurya ta toshe ramukan, a zuba ta sama-sama ba a dannawa, a liƙe bakin tukunya da ƙullu. Wuta ba ta son gaggawa. Idan warin ɗanyen mai ya fara fita, an kusa. Sai a ɗauki ƙwaya a fasa da haƙori: mai rai cikinta fari ne kamar gyaɗa sabuwa, wadda ta mutu kuma ya koma ruwan ƙasa. A sauke, a shanya a inuwa, ba a rana ba, a murza da tafin hannu har gashin ya sake tashi. Da muka gama, Gwaggo ta haɗa ta da ɗanya a hannu ɗaya ta miƙa wa Lami, Lami ta kasa rabewa. Ranar mun yi alfahari da sana'armu. Har waƙa na ƙaga a raina ina wanke madambaci, ta manoma da maiwarsu. Na gode Allah ban rera wa kowa ba.

Aka shuka. Ruwa ya sauka yadda ake so, ƙasa ta yi taushi, ciyawa ta tsiro ko'ina, filayen auduga kuwa suka kwanta shiru, babu ko kore ɗaya a kan layi. Maza suna wucewa ta gefensu suna girgiza kai da ƙarfi don a gani. A bayan gidaje maiwar dashe ta kai tsawon hannu, tana jira.

Malamin gona ya zo a kan kekensa. Saurayi ne ɗan cikin gari, ba mugu ba ne, tsoron na sama da shi ne ya fi yawa a jikinsa. Ya zaga filaye, ya tona nan ya tona can, ya sami gurya ta ruɓe. Aka ji shi yana gaya wa mai unguwa cewa da ma ya ga rufin siton yana yoyo, zai je ya faɗa. Mai unguwa ya ce Allah ya kyauta. Saura kawai ya hau kekensa. Sai ƙishirwa ta kama shi, ya biyo ta gidanmu, domin Gwaggo ta san mahaifiyarsa. Ya jingina keken a dangarmu, na kawo masa ruwa a ƙwarya, ya sha, ya sunkuya zai ɗaure bakin wandonsa. Ya daɗe a sunkuye.

A gindin dangar, tsakanin 'yan audugar gida masu tsagaggen ganye, ga wasu sababbi sun fito kore shar, ganyensu faffaɗa.

"Iya," ya ce, "wannan wace iri ce?"

Gwaggo ta leƙo. Na ga lokacin da ta gani. Ta ce, "Ta gida ce, Malam."

"Ta gida mai wannan ganyen?"

Bai jira amsa ba. Ya bar keken nan ya bi dangogi da ƙafa, gida bayan gida. Gidan Lami, gidan matar liman, gidan duk wadda aka kai wa buhu. Ko'ina ga su nan, ɗan tsibi guda a gindin danga, daidai faɗin abin da yatsu uku ke ɗauka. Ba wadda ta yi da niyya, ba wadda ta tuna ta yi. An sauke mana buhu, mun kwance baki, hannu ya shiga ya ba ƙasa nata, sannan muka hura wuta. Ni ma na yi, Gwaggo ma ta yi, a wuri ɗaya, ba wadda ta ga 'yar'uwarta. Iri ɗaya, ƙasa ɗaya, ruwa ɗaya: a gona ya mutu, a bayan gidan mata ya rayu.

Ya dawo ya ciro ruɓaɓɓiyar gurya daga aljihu, ya murje ta, ya kai hanci. Ya ce a hankali, kamar ba ya son faɗa, "Ashe a tungar nan har gurya ake yi wa dambu." Ya ɗauki kekensa ya tura shi, bai hau ba sai da ya fita tunga.

An yi zaman a ƙofar gidan dagaci, da dogarai daga cikin gari. Mu mata muna kallo ta ramukan danga. Tambaya ɗaya ake yi: wa ya turara? Kowa ya san aikin mata ne, kuma shaidar tana tsaye a gindin dangoginmu. Gwaggo ta riga ta ɗaura zanenta na fita, ta zauna a bakin gado tana jiran a kira sunanta. Sai Baba Gado ya miƙe.

"Ranka ya daɗe, ni na yi. Ni kaɗai."

Babban dogarin ya ce, "Kai? Ƙato da kai ka iya dambu?"

"Matata ta taɓa yin yaji, na koya."

Mutane suka yi dariya, har dagaci ya rufe baki da hannun riga.

"To waɗanda suka tsiro a bayan gidaje fa?"

"Buhuna ne yake zuba, ranka ya daɗe. Gida-gida na bi ina aron madambaci."

Ba wanda ya yarda, amma mutum guda da ya amsa ya fi musu sauƙi a kan mata cike da tunga. Aka sa masa igiya a ƙugu aka bi da shi hanyar Kontagora. Ya bi ta ƙofarmu bai waiwayo ba. Daga cikin mazan nan duka, har waɗanda aka yi wa bulala a ranar, babu wanda ya ambaci sunan mace, a lokacin ko bayan haka. Ko a cikin gida ba mu ji wani ya yi wa matarsa gori ba. Da sun yi, da ya fi mana sauƙi.

Aka kawo sabon iri, aka ƙara faɗin filaye don horo, aka sa dogari ya zauna a tunga har sai an shuka an yi noman farko da na biyu. Maiwar dashe ta tsufa a inda aka yafa ta, ta yi cunkus ta yi rawaya, aka bar wa awaki. Dawar da ke sauran gonaki kuma ciyawa ta haɗiye ta, domin maza suna kan auduga. Taron gindin tsamiya bai sake zama ba. Lami ita kaɗai ta riƙa shiga gonarsu da 'yar fartanya, muna taya ta in mun samu, amma aikin namiji guda da garmarsa ba ya ramuwa da yamma-yamma.

Yanzu ga abin da nake so ku sani game da sana'a. Audugar da aka shuka a makare ba ta nuna da kyau. Tana buɗewa rabi, da tabo-tabo. Da aka kai fuloti, aka ƙi yawancinta, aka ce ba ta kai lamba ba. Manoma suka dawo da ita a ka. Ba a cin auduga. Wa zai karɓa? Mu. Mai kaɗi da ta iya tsinta tana iya fitar da fara tas daga cikin mai tabo, kuma gashin ta gwamna yana ba da siririn zare irin wanda ba mu saba samu ba. Ndagi ya kawo wasu masaƙa biyu daga gari. Abin da muka samu muka aika Salka aka auno mana dawa. Sai ya zama ana kawo mana auduga ƙunshi-ƙunshi ana karɓar dawa a 'yar ƙwarya. Gwaggo takan cika ƙwaryar har ta zuba, ba ta taɓa tankwasa hannu ba, amma duk cikar ƙwarya, ƙwarya ce. Ɗakinmu ya cika da fari har rufi. Ban taɓa yin zare mai kyau kamar na wannan rani ba. Ndagi ya ja shi a kunne ya buɗe baki zai yi wasansa, ya ga fuskar Gwaggo, ya biya ya tashi.

Baba Gado ya dawo daga kurkuku bayan an gama girbi, wuyansa ya yi tsawo. Ya leƙa rumbunsa, abin da ke ciki bai rufe ƙasa ba. Kafin tsakiyar rani sun sauko da zangarniyar da aka rataye a rufin ɗaki don iri, sun ci. Manomi in ya ci irinsa, ya gama da wannan ƙasar. Aka ji za su koma wajen dangin Lami a ƙasar Rijau. Yanzu da ake ta zancen mulkin kai, masu jawabi suna zuwa da mota daga nesa suna faɗar abin da ya faɗa a gindin tsamiya, ana tafa musu, an ma fara juyo da sikeli a wasu wurare. Ban ji wanda ya san sunansa a cikinsu ba.

Ranar da za su tashi, Gwaggo ta cika babbar ƙwaryarta da dawa, ta kai bakin ƙofa, ta tsaya. Ta ce ƙafarta tana ciwo, in kai. Na ɗauka a ka na ratsa tunga. Na same su sun ɗaure kaya a kan jaki, an cire ƙyauren ɗaki an jingina.

Na durƙusa na ce, "Baba, sannu da shiri. Gwaggo ta ce a kawo, ko za a shuka a can."

"A'a, Malama ce da kanta? Sannu, 'yar Dije." Ya sa hannu ya ɗebo, ya duba, ya fasa ƙwaya ɗaya da haƙori. "Wannan ta Salka ce. Ba za ta yi a kan dutse ba. Za mu ci dai a hanya. Ki ce mata na gode, ki ce kuma aikinta ya yi kyau. Ban ga ko ɗaya ta tsiro a gona ba."

Ya juya ya ce, "Lami, juye ki ba ta ƙwaryarta."

Lami ta juye dawar a buhu. Sai ta tsaya da ƙwaryar a hannu, domin a wurinmu ba a mayar wa mutum ƙwarya wofi. Ta shiga ɗaki ta fito. Ta leƙa madafa, ta leƙa rumbu, ta duba kayan da ke kan jaki. Na ce, "Inna, bar shi, don Allah bar shi." Ba ta ji ni ba. Can ta zaga bayan ɗaki, inda suka zube ragowar abin da fuloti ya ƙi, ta cika ƙwaryar da auduga, ta danna, ta ƙara, har ta yi tozo. Ta ɗora mini a ka da hannunta, ta gyara mini gammo.

Hanyar gida ɗaya ce, ta tsakiyar tunga, kuma maza suna zaune a inuwa a lokacin. Na wuce su da farin tulin nan a kaina. Suka amsa gaisuwata ɗaya bayan ɗaya.

Da na shiga gida na sauke, Gwaggo ta dubi ƙwaryar. Sannan ta jawo faifai ta tura mini, ta jawo dutsenta, ta ce, "Zauna ki tsince. Jibi kasuwa."